Birtaniya: Yadda ganin likitan iyali ya zama rububin ƙarfe takwas na safe

Da ƙarfe takwas daidai na safiyar kowace ranar aiki, wayoyin ƙananan asibitocin unguwanni a Ingila kan soma ƙara kusan a lokaci guda.

Masu bugowar mutane ne da ke neman a ba su lokacin ganin likitan iyali, wanda a ƙasar ake kira GP. Wanda ya yi sa'a yakan shiga layi, ya ji wata murya na faɗa masa cewa akwai mutum goma sha biyar ko ashirin a gabansa. Sau da yawa kafin layi ya zo kansa an rabar da guraben ranar, sai a ce masa ya sake bugowa gobe da ƙarfe takwas.

Jaridun ƙasar da 'yan siyasa sun raɗa wa wannan al'amari suna rububin ƙarfe takwas. Tun daga shekara ta 2000 babu wata gwamnati da aka kafa a Birtaniya, ta Labour ce ko ta Conservative, da ba ta yi alkawarin sauƙaƙa wa jama'a ganin likitan iyali ba. Har yanzu kuwa batun na daga cikin abubuwan da masu zaɓe suka fi kokawa a kai.

Ƙofa ɗaya tak

Mai karatu a Kano ko Zariya na iya mamakin yadda batun buga waya zai zama babbar magana a siyasar ƙasa mai arziki irin Birtaniya. A Najeriya mutum kan tafi babban asibiti kai tsaye, ya yanki kati, ya zauna a benci har layi ya zo kansa. A Birtaniya tsarin ba haka yake ba.

Tun da aka kafa hukumar kula da lafiya ta ƙasa, wato NHS, a ranar 5 ga watan Yulin 1948 a ƙarƙashin ministan lafiya Aneurin Bevan, likitan iyali ne ƙofar shiga. Kowa yakan yi rajista da wani ƙaramin asibiti a unguwarsu, kyauta. Idan ba haɗari ko ciwon gaggawa ba ne, babu yadda majinyaci zai ga ƙwararren likitan zuciya, ko na ƙashi, ko na ciwon daji, sai da takardar likitan iyali. Shi ne ke rubuta maganin hawan jini da na ciwon suga, shi ke tura mutum gwajin jini, daga wurinsa ne kuma ma'aikaci kan nemi takardar hutun rashin lafiya.

Don haka idan wannan ƙofa ta cushe, sauran gidan ma ya rufe ke nan. Dattijon da ya ga jini a fitsarinsa, ya buga waya kwana uku bai samu ba ya haƙura, mai yiwuwa ne a gano cutarsa bayan ta yi nisa. Wasu kuma kan wuce kai tsaye sashen taimakon gaggawa na manyan asibitoci, inda su ma ake shafe sa'o'i ana jira. Wes Streeting, wanda ya karɓi ma'aikatar lafiya a watan Yulin 2024, ya sha nanata cewa ganin likitan iyali na cin gwamnati kimanin fam 40, amma zuwa sashen gaggawa na iya cin har fam 400.

Akwai kuma wani abu da ko 'yan Birtaniya da yawa ba su cika lura da shi ba. Akasarin waɗannan ƙananan asibitoci ba mallakar gwamnati ba ne. A 1948 likitocin iyali sun ƙi yarda su zama ma'aikatan gwamnati masu karɓar albashi, sai aka daidaita a kan su ci gaba da zama masu zaman kansu, gwamnati na ba su kwangila. Likitoci biyu ko biyar kan haɗa hannu su riƙe asibiti kamar ƙaramin kamfani, su ɗauki ma'aikata, su biya kuɗin wuta da na gini. Babban kason kuɗin da gwamnati ke ba su ana lissafa shi ne bisa yawan mutanen da suka yi rajista, kimanin fam 112 kan kowane mutum a shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025, ko mutumin ya zo sau ɗaya ko sau ashirin.

Ma'anar wannan ita ce ministan lafiya ba ya iya ba da umarni kawai a bi. Duk wani sauyi a yadda ake raba lokacin ganin likita sai an sa shi a cikin kwangila, an kuma yi ciniki da ƙungiyar likitocin Birtaniya, BMA.

Ya kamata a lura cewa Scotland da Wales da Ireland ta Arewa kowace na tafiyar da nata harkokin lafiya. Alƙaluman da ke cikin wannan sharhi galibi na Ingila ne.

Mamakin Tony Blair

A shekara ta 2000 gwamnatin Tony Blair ta fito da wani babban shiri na gyaran NHS, inda ta yi alkawarin cewa zuwa 2004 duk mai son ganin likitan iyali zai gan shi cikin sa'o'i 48. Aka ɗaura wa asibitocin wannan ƙa'ida, aka kuma haɗa ta da kuɗi.

A takarda abin ya yi nasara, domin alƙaluman gwamnati sun nuna kusan kowane asibiti na cika sharaɗin. Sai a ƙarshen watan Afrilun 2005, mako guda kafin babban zaɓe, Mista Blair ya bayyana a wani shirin talabijin da jama'a ke yi wa shugabanni tambayoyi. Wata mata ta faɗa masa cewa likita ya nemi ta dawo da ɗanta bayan mako guda, amma asibitin ya ƙi ba ta rana, aka ce sai ta bugo waya idan lokacin ya matso, domin ba a ba da lokacin da ya wuce sa'o'i 48. Pirayim Ministan ya ce abin ya ba shi matuƙar mamaki. Jama'ar da ke zauren kuwa ba su yi mamaki ba, don da yawansu sun san hakan.

Abin da ya faru a bayyane yake. Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da cewa babu wanda ya jira fiye da kwana biyu ita ce a daina ba kowa lokaci na gaba, a riƙe duka guraben, a sake su da safe. Wanda bai samu ba, ba ya shiga lissafi, tunda ba a rubuta sunansa a ko'ina ba. Masu nazarin harkokin lafiya da dama na ganin a wannan lokaci ne al'adar rububin safe ta yi saiwa. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

A daidai wannan zamani ne kuma aka ƙulla sabuwar kwangilar 2004, wadda ta ba likitocin iyali damar sauke nauyin kula da majinyata da dare da kuma ƙarshen mako, idan suka yafe kimanin fam dubu 6 a shekara. Galibinsu sun yi hakan. Kuɗin shigar likitocin da ke da hannun jari a asibitocinsu ya haura fam dubu 100 a shekara, abin da ya sa wasu jaridu suka daɗe suna yi musu kallon waɗanda aka ƙara wa kuɗi aka rage wa aiki. Wannan kallo bai gushe ba, kuma yana daga cikin abin da ke zafafa muhawarar har yau.

Gwamnatin haɗin gwiwa ta David Cameron ta soke ƙa'idar sa'o'i 48 a 2010. Amma son sanya wa'adi bai bar 'yan siyasa ba. A watan Satumbar 2022 Thérèse Coffey, wadda ta riƙe ma'aikatar lafiya na 'yan makonni a zamanin Liz Truss, ta ce a riƙa ganin kowa cikin mako biyu. Daga kwana biyu zuwa mako biyu cikin shekaru ashirin da 'yan kai: wannan kaɗai ya isa ya nuna inda aka dosa.

Lissafin da bai fita ba

Likitocin na cewa matsalar ba ta waya ba ce, ta yawan hannu ce, kuma alƙaluma na ba su gaskiya sosai.

A 2015 ministan lafiya Jeremy Hunt ya yi alkawarin ƙara likitocin iyali dubu 5 zuwa 2020. Ba a samu ba. A zaɓen 2019 jam'iyyar Conservative ta Boris Johnson ta ɗaga alkawarin zuwa dubu 6, tare da ƙarin guraben ganin likita miliyan 50 a shekara. A watan Nuwambar 2021 Sajid Javid, ministan lafiya na lokacin, ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa ba a kan hanyar cika alkawarin likitocin ake ba.

Idan aka auna da cikakken lokacin aiki, likitocin iyali da suka kammala horo sun ɗan haura dubu 29 a 2015, amma zuwa 2024 sun gaza haka da sama da dubu guda. A tsakanin waɗannan shekaru mutanen da ke da rajista sun ƙaru daga kimanin miliyan 57 zuwa sama da miliyan 63. Wato kowane likita ya tashi daga kula da mutum ƙasa da dubu biyu zuwa kusan 2,300. Su ma asibitocin sun ragu, daga kimanin dubu 8 a farkon shekarun 2010 zuwa ƙasa da 6,500, wasu sun rufe, wasu an haɗe su.

Yawan kai ma ba shi ne duka labarin ba. Jama'ar Birtaniya na ƙara tsufa, kuma mai shekara tamanin da ke fama da ciwon suga da hawan jini da ciwon gaɓoɓi ba a gama da shi a minti goma, wanda shi ne lokacin da aka saba ware wa kowane majinyaci. Wani bincike da aka wallafa a 2017, da ya kwatanta ƙasashe 67, ya gano cewa likita a Birtaniya kan zauna da majinyaci kimanin minti tara, a Sweden sama da minti 22, a Bangladesh kuwa daƙiƙa 48. Ƙungiyar ƙwararrun likitocin iyali ta ƙasar ta nemi a mayar da shi minti 15, sai dai kowa ya san idan aka tsawaita lokacin, guraben za su ƙara raguwa.

Sannan ga cunkoson manyan asibitoci. Jerin masu jiran aiki ko ganin ƙwararre a Ingila bai kai miliyan 5 ba kafin annobar korona, amma ya haura miliyan 7 da dubu 700 a watan Satumbar 2023. Mutumin da ya yi shekara yana jiran a yi masa aikin gwiwa ba ya zaune shiru a gida. Yakan riƙa komawa wurin likitan iyali yana neman maganin rage zafi, ko takardar da za ta sa a matso da ranarsa.

Binciken da Lord Darzi, wani fitaccen likitan tiyata, ya miƙa wa gwamnati a watan Satumbar 2024 ya nuna cewa kason kuɗin NHS da ke tafiya manyan asibitoci ya tashi daga kashi 47 cikin 100 a 2006 zuwa kashi 58 a 2022, duk da cewa gwamnatocin wannan zamani sun yi ta cewa manufarsu ita ce a mayar da kulawa kusa da gida.

Abin da kan ɓata wa likitocin rai shi ne, a gaskiya aikin da suke yi ya ƙaru. Ana ganin mutum sama da miliyan ɗaya a kowace ranar aiki a waɗannan asibitoci, fiye da kafin annoba, kuma sama da kashi 40 cikin 100 ana ganinsu ne a ranar da suka nema. Amma wanda ya yi minti arba'in riƙe da waya ya tashi a tutar babu, wannan lissafi ba ya sanyaya masa rai. Binciken jin ra'ayin jama'a da ake yi duk shekara tun 1983 ya nuna cewa masu gamsuwa da aikin likitocin iyali sun kai kashi 68 cikin 100 a 2019, suka faɗo zuwa kashi 38 a 2021, sannan kashi 31 a 2024.

Masu tsaron ƙofa

Faɗuwar ta 2021 na da nasaba da korona. A watan Maris na 2020, cikin 'yan kwanaki, aka umarci asibitocin su daina barin mutane su shigo haka kawai, a riƙa tantance kowa ta waya ko ta intanet tukuna. Bayan annobar ta lafa, asibitoci da yawa ba su koma tsohon tsari ba. Wasu jaridu suka ƙaddamar da gangamin neman a dawo da ganin likita ido da ido, likitoci kuma suka ce ana tunzura jama'a a kansu. Wanda ya fi shan wuya a wannan taƙaddama shi ne ma'aikacin da ke karɓar waya, wanda galibi mace ce mai ƙaramin albashi, ba ita ta tsara guraben ba amma ita ke shan zagi.

Su waɗannan ma'aikata yanzu aikinsu ya wuce rubuta suna. An horar da su su tambayi mai bugowa abin da ke damunsa, domin su san inda za su tura shi. Mutane da yawa ba sa jin daɗin bayyana larurarsu ga wanda ba likita ba, musamman idan ta shafi al'aura ko taɓin hankali. Ga wanda Turancinsa bai nuna ba, ko macen da ke son likita mace ce ta duba ta, abin ya fi wuya, ko da yake tana da damar neman hakan, kuma ana iya neman tafinta.

Dalilin tantancewar shi ne ba kowa ne zai ga likita ba. Tun 2019 gwamnati ta ware kuɗi don ɗaukar dubban ma'aikata na daban, kamar masana magunguna, da masu gashin ƙashi, da mataimakan likita. A ranar 31 ga watan Janairun 2024 kuma aka soma wani shiri da ya ba kantunan magani damar duba larurori bakwai, ciki har da ciwon maƙogwaro da ciwon kunne da ciwon mafitsara marar tsanani ga mata, har su ba da magani ba tare da takardar likita ba. Shirin na cikin matakan da Rishi Sunak ya sanar a watan Mayun 2023, tare da fam miliyan 240 don sauya tsofaffin wayoyin asibitocin da na zamani, masu faɗa wa mutum matsayinsa a layi ko su kira shi daga baya. Mista Sunak ya san harkar tun yana yaro, domin mahaifinsa likitan iyali ne a Southampton, mahaifiyarsa kuma na da kantin magani.

Sai dai tsarin ɗaukar ma'aikatan ya haifar da wani abin al'ajabi. Kuɗin da aka ware ba a yarda a ɗauki likita da su ba, don haka aka wayi gari majinyata na neman likita ruwa a jallo, sababbin likitocin iyali kuma na yawon neman aiki. Sai a watan Agustan 2024 gwamnatin Keir Starmer ta ware fam miliyan 82 don a ɗauki dubu guda daga cikinsu. Batun mataimakan likita ma ya jawo ce-ce-ku-ce bayan mutuwar wasu majinyata da suka zaci likita suka gani, har wani bincike da aka fitar a watan Yulin 2025 ya ba da shawarar a sauya musu suna, a kuma taƙaita irin majinyatan da za su riƙa dubawa.

Waɗanda ba sa zuwa

Akwai kuma laifin majinyatan kansu. A farkon 2019 hukumar NHS ta Ingila ta ce sama da guraben miliyan 15 ne ke tafiya a banza duk shekara saboda an ba mutane lokaci ba su zo ba, ba su kuma sanar ba. Wato kusan ɗaya cikin ashirin.

Lokacin da yake neman shugabancin jam'iyyarsa a 2022, Mista Sunak ya ce zai ci tarar fam 10 ga duk wanda ya yi haka, amma yana hawa mulki a watan Oktoba ya janye. A farkon 2023 Sajid Javid, bayan ya bar ofis, ya ba da shawarar a riƙa karɓar kuɗi kafin ganin likita. Babu babbar jam'iyyar da ta ɗauki maganar, domin jinya kyauta abu ne da 'yan Birtaniya ke kishinsa kamar gadon gida. Ƙwarewar Jamus ma ba ta ƙarfafa gwiwa ba: ta sanya kuɗin yuro 10 duk wata uku a 2004, ta soke shi daga farkon 2013 bayan an ga bai rage zuwa asibiti yadda aka zata ba. Bincike kuma ya nuna cewa waɗanda suka fi saɓa lokaci su ne matalauta da masu larurar ƙwaƙwalwa, wato waɗanda tara za ta fi kora daga asibiti.

Daga waya zuwa intanet

Gwamnatin Labour ta tarar da likitocin a fusace. A ranar 1 ga watan Agustan 2024 suka soma wani matakin matsin lamba, bayan kashi 98 cikin 100 na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a sun amince, inda aka shawarci kowane likita kada ya duba fiye da mutum 25 a rana. Ƙarin harajin da aka ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata a kasafin kuɗin Oktoban 2024 ya ƙara dagula al'amura, domin asibitocin, a matsayinsu na masu zaman kansu, ba a keɓe su kamar manyan asibitocin gwamnati ba.

A watan Fabrairun 2025 aka sasanta. Gwamnati ta ƙara fam miliyan 889, likitocin kuma suka amince cewa daga ranar 1 ga watan Oktoban 2025 kowane asibiti zai bar shafinsa na intanet a buɗe daga ƙarfe takwas na safe zuwa shida da rabi na yamma, ta yadda mutum zai iya aika buƙatar da ba ta gaggawa ba a duk lokacin da ya samu sarari. A da, asibitoci da yawa kan rufe shafin da zarar buƙatun sun kai iya abin da za su iya ɗauka, wani lokaci tun da hantsi.

Gwamnati ta ce babu dalilin da zai hana mutum neman ganin likita ta intanet, kuma hakan zai bar layin waya ga tsofaffi da waɗanda ba su iya intanet ba. Ƙungiyar BMA kuwa ta ce an yi mata alkawarin matakan kariya da ba a samar ba. Damuwarta ita ce mai ciwon ƙirji zai iya rubuta larurarsa a shafin da aka tanada don abubuwan da ba na gaggawa ba, saƙonsa ya nutse cikin ɗaruruwan saƙonni, kuma dole likita ya bar ganin majinyata ya zauna yana karantawa. A ranar da ƙa'idar ta soma aiki ƙungiyar ta sanar da cewa ta shiga taƙaddama da gwamnati a hukumance.

Kowane ɓangare na da hujja. Babu shakka tilasta wa mai aikin safe ko uwar da ke shirya yara zuwa makaranta su riƙe waya da ƙarfe takwas rashin adalci ne. Amma faɗaɗa ƙofa ba ya ƙara yawan kujerun da ke cikin ɗaki. Kuma wanda ya iya rubuta larurarsa da Turanci mai kyau a kwamfuta ya fi wanda bai iya ba damar a saurare shi. Tun 1971 wani likitan iyali da ya yi aiki a wani ƙauyen masu haƙar kwal a Wales, Julian Tudor Hart, ya yi bayanin cewa kulawar lafiya mai kyau ta fi ƙaranci a inda aka fi buƙatarta. Har yanzu unguwannin matalauta a Ingila sun fi yawan majinyata kan kowane likita.

Wani abin da ake asara a wannan tsere na sauri shi ne likitan da ya san mutum. A da iyali kan yi shekara talatin da likita ɗaya, ya san cututtukan gidan, ya san wanda idan ya ce ba ya jin daɗi to lallai abin ya kai. Wani bincike da aka yi a Norway kan mutum kimanin miliyan huɗu da rabi, aka wallafa a 2021, ya gano cewa waɗanda suka yi sama da shekara 15 da likita ɗaya, haɗarin mutuwarsu ya ragu da kimanin kashi 25 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda suka yi shekara guda, kuma ba su cika kwanciya a asibiti ba. Labour ta yi kamfe a 2024 da alkawarin dawo da likitan iyali na asali. Amma ganin likita da wuri, da ganin likitan da mutum ya saba da shi, buƙatu ne biyu da ke karo da juna muddin likitocin ba su wadata ba. Shirin shekara goma da gwamnati ta fitar a watan Yulin 2025 ya fi karkata ga manyan cibiyoyin lafiya na unguwa da kuma manhajar NHS ta wayar salula.

Inda abin ya taɓa Najeriya

Ga dubban ɗalibai da ma'aikata 'yan Najeriya da ke Birtaniya, wannan layi nasu ne su ma. Tun watan Fabrairun 2024 mai neman bizar zama na biyan fam 1,035 a shekara a matsayin kuɗin lafiya, ɗalibi kuma fam 776, amma wannan ba ya sa a gan shi kafin kowa. Rajista da likitan iyali a Ingila dai kyauta ce ga kowa, kuma bisa ƙa'ida ba a tilasta nuna takardar zama ko shaidar adireshi, ko da yake wasu asibitoci kan nema.

Babbar alaƙar kuwa ta likitoci ce. Birtaniya na cike giɓinta da likitocin da wasu ƙasashe suka horar, kuma bayan Indiya da Pakistan, Najeriya na sahun gaba. Kusan rabin masu koyon aikin likitan iyali a shekarun baya-bayan nan a ƙasashen waje suka yi karatu. Najeriya na cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a je ana zawarcin ma'aikatan lafiyarsu saboda ƙarancinsu, amma wannan bai hana likita ya nemi aiki da kansa ba.

A 2023 wani ɗan majalisar wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya gabatar da ƙudurin da zai hana likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida, abin da ƙungiyoyin likitoci suka yi watsi da shi. A 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin dubu 16 ne suka bar Najeriya cikin shekara biyar, waɗanda suka rage kuma ba su wuce dubu 55 ba, galibinsu a Legas da Abuja da sauran manyan birane, ga al'ummar da ta haura miliyan 200.